Lawali Mai Unguwa da majalisar da aka rufe mana

Ina layin shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, da safen nan abokinmu Mumin ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Nafi'u, Lawali ya rasu. Yanzu aka buɗe ɗakinsa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce yaushe? Na sake cewa Mumin, yaushe? Ya ce 'yan sanda sun ce ba jiya ba ne, ba kuma shekaranjiya ba.

Na fita daga layi na zauna a kan matakala, mutane suna kewaye ni suna wucewa. Ban je kasuwa ba yau.

Raina a ɓace nake wannan rubutu, wanda ya ga na yi zafi ya yi haƙuri. Ba da ƙaddara nake ja ba. Ranar Lawali ce ta zo, kuma ko duk Hausawan da ke nan Guangzhou ta ƙasar Sin suna zaune a kansa sai ya tafi. Abin da ke cina shi ne Musulmi ya kwanta kwanaki a ɗaki, ba wanka, ba sutura, ba wanda ya san ya tafi, a garin da yake da abokai sun fi a ƙirga.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Lawali ɗan Maradi ne. Aikinsa tsaya wa mutane a kan lodi a Huangpu, can wajen tashar jiragen ruwa. Ka sayi kayanka ka tura sito, shi zai tsaya har a cika kwantena a rufe a gabansa. Iyalinsa suna gida. Shi kaɗai yake zaune a ɗan ɗaki a can, kuma yana da ciwon suga, kowa ya sani, don kullum akwai dabino a aljihun rigarsa.

Ni kuma ɗan Kano ne, tufafi nake saye a kasuwar Baima ina turawa gida. Bai taɓa kirana da sunana ba. Bakano kawai.

Sai na yi bayanin majalisarmu, don na san akwai masu shirin yi mini dariya a ƙarƙashin wannan rubutu.

A gida in an yi magariba kowa ya san bencin da zai nufa. A nan babu benci. Ku taru ku biyar a bakin titi kuna hira da ƙarfi irin tamu, kafin shayi ya huce mai gadi ya zo yana muku nuni da hannu ku watse. Ɗakunanmu kuma wani na Tianhe, wani na Huangpu, wani na bayan gari, tsakaninku tafiya ce mai zaman kanta.

Wani lawban mai shagon wayoyi a Tianhe, wato mai gidan shagon, shi ya haɗa mu da wani kamfani mai gem, wato wasan ƙwallo na waya. Irin wanda gem ɗin ba a wayarka yake ba, yana can cikin manyan kwamfutocinsu, kai dai hoto suke turo maka kana dannawa. Ko tsohuwar waya ce da kai za ka buga ƙwallo tsaf, kamar mai babbar na'ura. Kuma a ciki akwai ɗakin hira, kuna bugawa kuna magana.

Nan muka mayar majalisa. Tsakanin magariba da isha'i, kullum.

'Yan Kano, 'yan Maradi da Yamai, Mumin da mutanensa na Kumasi. Wasu da gemunsu har da furfura. Ana musu a kan fanareti, ana zagin masu jirgin ruwa, ana yi wa wanda aka haifa wa barka. Da an ce lokacin isha'i ya yi kowa ya ajiye.

Lawali bai iya ƙwallo ba. Allah Ya jiƙansa, amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ban taɓa ganin wanda bai iya ba kamarsa. Sai a zura masa ƙwallo yana tsakiyar gaisuwa. Ka ce Lawali an ci ka fa, ya ce, "A bar su su ci, Bakano. Ina Sale? Ban ji muryar Sale ba."

Abin da ya kawo shi ke nan. Duk wanda ya shiga, sunansa yakan yi kore a gefe. Lawali zai bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, wanda bai yi kore ba sai an san dalili. Shi ya sa muka sa masa Mai Unguwa.

Akwai wani abu game da mu 'yan kasuwar nan da sai wanda ya zauna a cikinmu zai gane. Ba a tambayar mutum inda ya shiga. In ka kira ɗan'uwanka ka ce kana ina, to ka yi rashin ta ido, don ƙila yana cikin wata masana'anta da ya sha wahala ya gano, yana samun kaya da araha, kuma ba ya son kowa ya bi sawunsa. Mutum ya ɓace kwana da kwanaki, in ya dawo a ce sannu da zuwa, shi ke nan. Haka muka tarar, haka muke yi.

A majalisar gem kuwa ba sai an tambaye ka ba. Ko kana wane lungu na ƙasar Sin, sunanka ya yi kore, an ji muryarka, sirrinka yana nan a aljihunka. Lawali yakan ce, "Ni ban tambai inda kake ba. Lahiyarka nike so in ji."

Wani lokaci zazzaɓi ya kwantar da ni, na kasa ko ɗaga waya. Ban shiga majalisa ba. Washegari da hantsi na ji ana buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Lawali ne, ya taso tun daga Huangpu, ya canza jirgi ya sake canzawa, riƙe da fulas ɗin kunu. Kunun shinkafa ne da ya dama a tukunyar lantarki, gishiri ya yi masa yawa, kuma na shanye shi tas.

Na ce Mai Unguwa, da ka kira ni a waya ai da ka huta. Ya ce, "Waya ƙarya take yi. Sai ka ce mani lahiya lau kana mutuwa."

Ya wanke mini kwanuka, ya buɗe taga, ya yi mini faɗa a kan ƙazanta, ya tafi.

Ba ni kaɗai ba. Akwai wanda 'yan sanda suka riƙe a kan biza, Lawali ne ya fara lura, don sunansa bai yi kore ba. Akwai wanda mahaifinsa ya rasu a gida ya kulle kansa a ɗaki, Lawali ne ya je ya zauna da shi. In suna ganin wannan rubutu su faɗa da bakinsu.

Sai rannan muka shiga muka tarar da sanarwa a fuskar gem ɗin, da Sinanci zalla. Da muka sa waya ta fassara mana, wai suna godiya da tafiyar da muka yi tare, kuma za su rufe saboda sauyin tsarin kasuwanci.

Godiya!

Na san kamfani ne, riba ya fito nema, ba gidan marayu ya buɗe ba. Ni ma ɗan kasuwa ne, layin da ba ya tafiya ajiye shi nake. Amma in zan tashi daga shago ina faɗa wa kwastomomina inda za su same ni. Waɗannan mutane ko jerin sunayen abokan da muka tara ba su bari mun kwashe ba. Da yawa a majalisar nan da sunan gem kawai muka san su, ba lamba, ba adireshi. Mun rubuta musu, na'ura ce ta dinga ba mu amsa ɗaya tana maimaitawa. Abin da suka ba mu na sallama wai tikitin rangwame na wani gem ɗin 'yan tsana.

Ranar da suka faɗa tana zuwa, ka danna, allo ya yi fari. Da yake komai a wurinsu yake, ba abin da ya rage a hannun kowa.

Lawali ne kaɗai bai haƙura ba. Ya ja ni muka koma Tianhe wurin lawban ɗin nan, muka hau bene muka sauka, shago bayan shago, yana tambayar ko akwai wani irinsa. Akwai, amma duk wanda muka gwada sai ya nemi katin ɗan ƙasa, fasfo ba ya shiga. Lawban ya dinga girgiza kai yana cewa "meyo, meyo", babu ke nan. Lawali ya ce masa "sheshe", ya gode, muka fito.

Muka shiga gidan taliyar Musulmin Sin da ke kusa da tashar metro. Ya sa cokali yana juya taliyar bai ci ba. Na fara tsokanarsa, na ce Mai Unguwa, kai da ko sau ɗaya ba ka taɓa cin kowa ba, mene ne naka na baƙin ciki? Ai hutu ka samu.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Bakano, ba ƙwallon nike ji ba. Yanzu in wane bai tashi ba, wa za shi sani?"

Na ce Allah zai tsare. Ya ce amin. Ya zaro dabino biyu ya ba ni ɗaya, muka rabu a bakin tasha, shi ya yi gabas ni na yi yamma.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ya yi wani ƙoƙarin kuma. Muna da guruf na 'yan kasuwa a waya, inda ake saka farashin lodi da hotunan kaya. Lawali ya roƙa a ce kullum bayan magariba kowa ya rubuta "lafiya", kalma ɗaya tak. Aka fara. Sai wani dattijo a cikinmu, mai riƙe da guruf ɗin, ya ce a daina cika masa waya da shirme, nan wurin kasuwanci ne, waɗanda suka saba wasan yara su nemi wani wuri. Ba zan kama suna ba, ya san kansa, kuma na san yana karantawa.

Alhaji, dama tun can kai ne mai cewa manya da gemu mun zauna muna danna waya kamar 'yan firamare. To ga shi an rufe, ka huta. Ina fata wayarka ta samu fili.

Lawali ya goge saƙonsa, ya ba da haƙuri. Shi ne ma ya ba da haƙuri.

Daga nan kowa ya kama gabansa. Magariba ta yi, ka ci abinci, ka kalli bango. Ni har hannuna yakan kai kan wurin da gem ɗin yake a waya kafin in tuna.

A cikin kwanakin nan Mumin ya rubuta a guruf cewa kwana biyu ba a jin Mai Unguwa, ya kira ba a ɗauka ba. Kun san amsar da aka ba shi? Wani ya ce, "Ɗan Maradin nan ya samo sabuwar masana'anta, ku bar shi ya ci shi kaɗai." Aka jera fuskokin dariya a ƙasa. Wani ya ƙara da cewa in ya dawo sai ya yi mana walima.

Saƙon yana nan, ba a goge ba. Ku koma ku duba ranar da aka rubuta shi, sannan ku tuna abin da 'yan sanda suka faɗa.

Muna masa dariya yana kwance.

Kuma ba mugunta ba ce, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Duk wanda ya karanta saƙon nan haka ya fassara shirun Lawali, don haka aka koya mana. Mutum ya yi shiru, to yana kan ciniki, kar ka matsa masa. Mun girmama sirrin kasuwarsa har ya ruɓe mana a ɗaki. Ku yafe mini wannan kalma, amma ita ce gaskiya, kuma Mumin ya shiga ɗakin ya gani da idonsa.

Kun san wa ya yi cigiyarsa a ƙarshe? Kaya. Kayan wani ne suka iso sito a Huangpu, kwantena tana jira, ba mai tsayawa a kan lodi. Mai siton ya kira ya gaji, ya nemo lambar Mumin yana faɗa, wai ana ɓata masa lokaci. Shi ne Mumin ya tafi da sassafe, ya samu matar da ke da gidan, aka kira 'yan sanda aka buɗe ƙofa.

Da ba a yi lodi a makon nan ba, Allah kaɗai Ya san ranar da za a buɗe.

Masu cewa gem ne kawai, mene ne abin tayar da jijiyar wuya, ga amsarku. Da majalisar nan tana nan, magaribar farko da sunan Lawali bai yi kore ba da an tashi mutum. Lawali fa, wanda ko yana tsakiyar lodi sai ya leƙo ya yi sallama ya fita. Ban ce da an cece shi ba, wannan na Allah ne. Amma da an same shi da ɗuminsa, an yi masa wanka kamar kowane Musulmi, an kai shi makwancinsa a kan lokaci. Yanzu gawarsa tana hannun hukuma, sai an yi bincike, sai an bi takardu, ba mu ma san ranar da za su ba mu shi ba.

Su kuma masu kamfanin, na san ko sunansa ba su sani ba. A wurinsu lamba ce a cikin lambobi, kuma ba za su taɓa ganin wannan rubutu ba, in ma sun gani ba sa jin Hausa. Na bar su da Allah. Amma daga yau ba wanda zai sake ce mini in ɗora zumuncina a kan abin da wani zai tashi da safe ya kashe daga ofishinsa.

Lokacin da aka buɗe ɗakin dare ne a gida, sai muka jira gari ya waye a Maradi, mu nan azahar ta yi. Muka kira yayansa muka faɗa masa. Bayan la'asar ya sake kira, ya ce Inna, mahaifiyarsu, tana so ta yi magana da ɗaya daga cikin 'yan majalisa. Mumin ya ce ba zai iya ba, ya miƙo mini wayar.

Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya. Muryarta a natse, ta fi tawa natsuwa.

Ta ce, "Kai ne Bakano? Shina yawan zancenka."

Na ce ni ne, Inna.

Ta ce matarsa ta yi ta kira a kwanakin nan ba a ɗauka, hankalinta ya tashi, ita ce ta kwantar mata da shi. Ta ce, "Na ce mata ta bari. Ya hwaɗa mani kullum kuna tare, daga magariba har lisha. Ya ce in na ji shi shiru kar in damu, akwai masu dubin shi."

Sai a lokacin na gane. Lawali bai taɓa faɗa wa gida cewa majalisar a cikin gem take ba. Wane magidanci ne zai ce wa mahaifiyarsa ƙwallon waya yake bugawa? Ita a ganinta benci ne muke zama a kai a ƙofar wani gida, kafaɗa da kafaɗa. Kuma da aka rufe bai faɗa musu ba, don kar su damu.

Ta ce, "To ɗana, a hannun wa ya cika? In san wanda zan yi ma godiya."

Na buɗe baki. Wallahi na so in ce a hannuna. Kalma biyu ce, da tsohuwar nan ta kwana da sanyi a ranta. Na kasa yi mata ƙarya a kan gawar ɗanta.

Na ce, Inna, ba kowa a wurin.

Ina jin kukan mata daga nesa a bayanta.

Sannan ta ce, "To. Allah Shi saka maku da na baya."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ya Allah, ga bawanka Lawali nan ya zo maKa shi kaɗai daga ƙasar da ba tasa ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha da kaɗaicin da ya cika a ciki su zama kankarar zunubi. Yadda ya bi ƙofofin bayinKa yana tambayar lafiyarsu, Ka sa mala'ikun rahama su tarbe shi. Ka ba Inna da matarsa da 'ya'yansa haƙuri, Ka sauƙaƙa mana karɓo shi mu suturta shi.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Ka sa mahaifiyarsa a ciki.